KAFIN ƘUNGIYARKU TA SAYI TSOHUWAR ƘARAMAR TARAKTA

(Jawabin da ma'aikacin sashenmu na raya karkara ya yi wa shugabannin ƙungiyoyin manoman fadama a taron bita na bayan kaka. Mun buga shi yadda ya faɗa, domin amfanin waɗanda ba su sami zuwa ba.)

 

An ce in yi magana a kan sayen tsohuwar ƙaramar tarakta da gyaranta. Dalili kuwa shi ne, tun da aka gama girbi, ƙungiyoyi da dama sun zo ofis da magana iri ɗaya: kuɗin 'yan ƙwadago ya yi yawa, samari sun tafi birni ko wurin haƙar ma'adinai, shanun huɗa kuma a wasu wurare ba a iya kwana da su saboda ɓarayi. Sabuwar tarakta ta fi ƙarfin aljihunmu, to ko mu nemi ta hannu? Tambaya ce mai kyau. Ni ba bakanike ba ne, aikin gona na karanta. Ɗan abin da na sani game da waɗannan injuna na koye shi ne da kuɗin wasu, kuma gara in fara da wannan labarin ko da yake ba ya yi mini daɗin faɗa.

Shekarun baya akwai wata ƙungiyar iyayenmu mata masu noman shinkafa da nake lura da ita. Sun yi damina biyu suna tara kuɗi, wata da kuɗin ƙuli-ƙuli, wata da na akuyar da ta sayar, ofis kuma ya ƙara musu wani abu a kai. Sai wani dillali ya kira ni ya ce ga wata tarakta mai ƙafa biyu, ƙirar Japan, yanzu aka sauke ta daga kwantena. Muka je. Ja wur, fenti yana ƙyalli. Murɗawa ɗaya ta tashi, ƙararta kamar keken ɗinki. Ban tambayi kaina dalilin da ya sa jikin injin yake da ɗumi da ƙarfe tara na safe ba. Ni ne na ce wa iyayen nan su saya, kuma muka zuba duk abin da ke cikin asusu, ko sisi ba mu rage ba.

Ta yi aiki kwana goma sha ɗaya. A rana ta goma sha biyu wani ɗan haƙori ya karye a cikin akwatin giya. Na ɗauki ƙarfen a leda na je Panteka a Kaduna, na je Ƙofar Ruwa a Kano, na zaga Jos, har muka aika da shi kudu. Kowa ya juya shi ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Wani mai injin sassaƙa ƙarfe ya yi mana kwatankwacinsa, amma da yake ƙarfen bai sha wuta yadda ya kamata ba, kwana uku ya cinye. Kafin nan irin shinkafar da ke gadon reno ya tsufa. Iyayen nan suka ci bashi suka biya 'yan kaftu, aka yi dashe a makare, amfanin shekarar bai kai ko'ina ba. Tarakta tana nan a rumfa. Wata rana na je, wata tsohuwa daga cikinsu ta dube ni ta ce, "Ɗana, kaji dai sun gode maka, sun sami wurin saka ƙwai." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ban yi barci ba a daren.

Ku lura, injin nan ba mugu ba ne. Ƙira ce mai kyau ƙwarai. Matsalarsa ita ce an yi shi domin manoman ƙasarsu, kayan gyaransa suna can. Abin da na koya, wanda kuma shi ne kan maganata yau, ga shi: wanda ya sayi tsohon inji, gyara ya saya. Kuɗin da kuka miƙa wa dillali kafin alƙalami ne kawai. Saboda haka tambaya ta farko ba ta shafi fenti ko sunan ƙasa ba. Tambayar ita ce, ranar da ya lalace a tsakiyar aiki, kwana nawa za a yi kafin ya koma gona?

Bari mu bambance abin da muke magana a kai, domin na lura idan an ce ƙaramar tarakta, kowa da abin da yake gani a ransa.

Akwai wadda ake hawa a zauna, mai taya huɗu, kamar motar wasan yara. Asalinta Amurka ne. Kamfanin International Harvester ya fito da Cub Cadet a 1961, John Deere kuma ya fito da tasa mai lamba 110 a 1963, da inji mai ƙarfin doki bakwai. A can akwai mutanen da sha'awarsu ke nan. Dattijo zai sayi wadda ta yi shekara hamsin a bayan gida, ya kwance ta kaf, ya nemo kayanta ta gidan waya, ya yi mata fenti irin na asali, ya kai ta wurin baje koli jama'a su gani. Abin sha'awa ne, kuma ya nuna cewa ƙarfe mai kyau ba ya mutuwa idan akwai mai kula da shi da kayan gyara a kusa. Amma shi wannan dattijon ba ya jiran injin domin abincin yaransa. An yi irin waɗannan ne domin yankan ciyawar gida da ɗan lambu da ture ƙanƙara. Cikinsu yana kusa da ƙasa, ba su iya haye kunya, a laka kuma sai su zauna. Yawancinsu fetur suke sha, kun kuma san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayu na 2023. Na kawo maganarsu ne domin wani lokaci abokan hulɗa na ƙasashen waje, da zuciya ɗaya, sukan ce za su aiko da irinsu kyauta. Idan aka yi muku wannan tayin, ku yi godiya sosai, sa'an nan ku roƙa cikin ladabi a ba ku kuɗin da za a kashe wajen jigila. Idan kuwa ta riga ta iso, filin ƙwallon makaranta zai amfana da ita.

Akwai kuma manya, irin su Massey Ferguson 135 da aka ƙera tsakanin 1964 da 1975, mai injin Perkins silinda uku, waɗanda har yau za ka ga wasu suna aiki. Iyayenmu sun tuna lokacin da ake haɗa Steyr a Bauchi, Fiat kuma a Kano. Waɗannan maganar wata rana ce, domin kuɗin tayar baya guda biyu kaɗai ya isa ya girgiza ƙaramar ƙungiya.

Wadda ta shafe mu ita ce mai ƙafa biyu, wadda mutum yake bi a baya yana riƙe da hannuwanta, wasu suna ce mata fawatila. Ana samun ƙirar Sin da ta Indiya da ta Japan. Yawancin ƙirar Sin suna ɗauke da injin gas mai silinda ɗaya, kwance, da babban faifan ƙarfe a gefe da tukunyar ruwa a sama. Idan kun duba jikinsa za ku ga lamba kamar S195 ko S1100 ko ZS1115. Lambar tana da ma'ana. Ɗaya ta farko tana nufin silinda ɗaya, sauran kuma faɗin silindar ne a milimita, wato 95 ko 100 ko 115. S195 yana da ƙarfin doki kamar goma sha biyu. Ku rubuta wannan lamba, domin ita ce za ku faɗa a shago. Abin da ya sa nake son irin wannan inji shi ne, ɗan'uwan wanda yake cikin ɗakin niƙa na garuruwanmu ne. Bakaniken da ke gyara injin niƙa ya san cikinsa. Mai shagon da ke sayar da ringi da nozul na injin niƙa yana da nasa. Ba shi da kyan gani, yana da ƙara, yana girgiza hannu, amma idan ya tsaya ranar Talata yakan koma gona ranar Alhamis.

Don haka kafin ku je ganin tarakta, ku fara zuwa kasuwa. Ku tambayi mai sayarwa sunanta da lambarta ta waya, ku shiga shago uku ku ce a nuna muku ringinta, da nozul, da gaskit, da bel, da faifan kuloci, da wuƙaƙen haro, da haƙoran giya. Na ce a nuna muku, ku riƙe a hannu. "Za a iya kawowa daga Legas" ba amsa ba ce. Kayan inji sukan samu cikin sauƙi, na akwatin giya ne suke ba da wuya, kuma a nan aka kama ni. Idan shago uku ba su da su, maganar ta ƙare, ko da kyauta za a ba ku.

Ranar zuwa gani kuma, kada a yi cinikin biri a sama. Hoto a waya ba gani ba ne. Ku tafi da bakanikenku, wanda zai riƙa gyara ta daga baya, ku biya shi kuɗin ranarsa. Kada ku dogara da bakaniken da dillali ya kawo, domin la'adarsa tana cikin cinikin. Ku ce wa mai ita kada ya tayar da ita kafin ku iso, ku kuma isa da sassafe. Abu na farko, ɗora tafin hannu a kan inji. Idan da ɗumi, ku zauna ku sha shayi har ya huce, ko ku dawo gobe. Injin da ya gaji yakan tashi lafiya idan yana da zafi, da sanyin safiya ne asirinsa yake tonuwa.

Kafin a tayar, ku zaro sandar awon baƙin mai. Baƙi ba laifi ba ne a injin gas. Amma idan man ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa yana shiga, ko gaskit ya ƙone ko wani wuri ya tsage. Ku murza man tsakanin yatsu, idan kun ji kamar yashi ko kun ga ƙyallin garin ƙarfe, ciki yana cin kansa. Idan kuma man sabo ne fil a tsohon injin da ya sha ƙura, ku tambayi dalili. Ku kama babban faifan nan da hannu biyu ku jijjiga sama da ƙasa, bai kamata ya yi motsi ba. Ku juya shi a hankali ba tare da ɗaga ɗan hannun da ke sassauta matsi ba. Lafiyayyen inji zai kai wani wuri ya ƙi wucewa, har ya turo hannunka baya. Wanda ya wuce salin-alin, ƙarfinsa ya tafi. Ku buɗe tukunyar tace iska. A ƙasarmu, da ƙurar hunturu, wannan tukunya ita ce ran inji. Idan kun tarar da ita a bushe babu mai, ko cike da taɓo, ku sani injin ya daɗe yana shaƙar ƙasa, ringi da silinda sun riga sun cinye.

Idan ya tashi, ku dubi hayaƙi. Ɗan hayaƙi a farko ba komai. Wanda ya ci gaba bayan inji ya yi zafi shi ne abin lura. Shuɗi, yana ƙona baƙin mai. Baƙi ƙirin, ko nozul ya lalace ko iska ba ta isa. Fari da bai daina ba, ko gas ba ya ƙonewa da kyau ko ruwa yana shiga. Ku leƙa tukunyar ruwa, idan kumfa tana tasowa tun ruwan bai yi zafi ba, akwai magana. Duk waɗannan ba su hana saye, domin ringi da nozul da gaskit abin canzawa ne, sai dai su rage kuɗi. Abin da nake gudu shi ne tsagewa a jikin inji ko a akwatin giya. Ku goge datti da tsumma ku nemi alamar walda, musamman inda aka yi sabon fenti. Sabon fenti a tsohon ƙarfe kyan ɗan maciji ne.

Sa'an nan a shiga gona da ita. Zagaye a tsakar gida ba gwaji ba ne. Ku nemi fili, a sa haro a ƙasa, ta yi aiki rabin awa. A gwada kowace giya, gaba da baya, a ga ko tana fita da kanta idan nauyi ya hau. A matsa hannun juyawa na dama da na hagu. Bayan an tsaya, ku duba gindin tayoyi da gefen sandar haro ko mai yana tsiyaya. Mai sayarwar da ya ƙi a kai ta gona ya riga ya ba ku amsa.

Wani abu da mutane suke mantawa shi ne takarda. Wasu daga cikin injunan nan sun fito ne daga shirye-shiryen gwamnati na tallafa wa manoma, an ba wata ƙungiya, wani ya karkatar. Wasu kuma na sata ne. Ku nemi rasit na asali. A rubuta takardar ciniki da lambar inji da ta jiki, mai sayarwa ya sa hannu a gaban shaidu, mai unguwarsa ya sani. Abin kunya ne a zo da 'yan sanda a ɗauke kayan da iyayenmu mata suka tara da kuɗin ƙuli-ƙuli.

Yanzu maganar kuɗi. Ba zan faɗi farashi ba, domin kafin a buga wannan jawabi ya canza. Shawarata ita ce ku raba abin da kuke da shi kashi uku. Kashi biyu na saye da ɗauko ta, kashi ɗaya na gyara da man fara aiki. Idan kashi biyun bai isa ba, to ba ku isa saye ba tukuna, ku ƙara damina ɗaya. Na san wannan magana ba ta da daɗi ga shugaban da ya riga ya yi wa mutanensa alkawari. Amma da mun rage kashi ɗaya a wancan karon, ko ba komai da iyayen nan sun biya 'yan kaftu ba tare da bashi ba.

Bari in ba ku labari na biyu, domin kada ku ce na zo ne in kashe muku gwiwa. Bayan wancan da shekara biyu, wata ƙungiya ta sami wata ƙirar Sin a bayan gidan wani manomi. Tayoyi a sace, kujerar tirela ta ruɓe, tsatsa ko'ina, gizo-gizo ya yi gida a salansa. Wasu 'yan ƙungiyar suka ce wannan ai sai 'yan gwangwan. Bakanikensu ya yi awa biyu yana dubawa, ya ce jiki lafiya, giya lafiya, inji ne ya gaji. Suka saya da araha suka kai ta rumfarsa tun watan Janairu, lokacin da ba mai gaggawa. Wannan ma darasi ne: lokacin sayen tsohon inji shi ne bayan kaka, lokacin gyara kuma rani. Wanda ya saya ana gobe shuka zai biya kuɗin gaggawa sau biyu, wurin dillali da wurin bakanike.

Yadda suka yi gyaran ya burge ni. Sun fara wanke ta tas kafin a kwance ko noti ɗaya. Aka shimfiɗa buhuna da tsohon kwanon rufi, ba a ajiye komai a kan yashi ba. Aka canza silinda da fistin da ringi gaba ɗaya, domin sabon ringi a tsohuwar silinda ɓarnar kuɗi ce. Aka wasa bawul. Nozul da famfon gas aka kai wa masu aikinsu a gari aka gwada a kan na'ura, ba a bar kowa ya taɓa su da sifana a ƙauye ba. Aka canza duk robobin da ke tare mai, aka sa bel sababbi dukansu lokaci ɗaya, domin idan ka haɗa sabo da tsoho, sabon ne kaɗai zai ɗauki nauyi. Duk ranar da za a sayi kaya, mutum ɗaya daga kwamiti yana bin bakanike kasuwa, ana karɓar rasit, tsohon da aka cire kuma ana dawo da shi a sa a buhu. Bakaniken ya ɗan ji haushi da farko. Ma'ajin ya ce masa, "Malam, ba don kai muke yi ba, don bakin mutane ne." Daga baya shi da kansa ya ce hakan ya fi masa kwanciyar rai. A kasuwa kuwa kaya iri-iri ne, ko da kwali ɗaya ne. A kan abin da ke cikin inji kada ku nemi mafi araha, araha ba ta ado. Fenti shi ne na ƙarshe, da kuɗi ya rage. Ba su ma yi shi ba sai shekara ta biyu.

Bayan an haɗa, ba su kai ta fadama nan take ba. Kwanakin farko ƙaramin aiki ta yi, jan tirela da kaya kaɗan, sa'an nan aka zubar da man aka sa sabo, domin sababbin ƙarafa suna goga juna suna zubar da gari. Wannan tarakta tana aiki har yau.

To amma gyara rabin aiki ne. Na ga injuna da yawa da aka gyara da kyau, ƙungiya ta kashe su cikin damina ɗaya. Abin da ke kashe su, hannu da yawa. Yau ɗan shugaba, gobe ƙanen sakatare, kowa ya iya. Ku zaɓi mutum ɗaya da mataimakinsa, a koya musu, a riƙa biyansu bisa aikin da suka yi. Kowace safiya ya duba baƙin mai da ruwa, ya taɓa notuna, ya cire ciyawar da ta naɗe a sandar haro, domin ita ce take cinye robar da ke tare mai. Tukunyar ruwan nan a buɗe take, ruwa yana tafasa yana ƙarewa, dole a riƙa ƙarawa cikin yini, kuma da ruwa mai tsabta. Ruwan kududdufi yana barin laka a ciki. Gas kuma kada a saya a kwalba a bakin hanya a juye kai tsaye. A zuba a jarka ya kwana, datti da ruwa su kwanta, a tace na sama. Ramukan bakin nozul ƙanana ne ƙwarai, ɗan datti kaɗan ya isa.

Ku kuma san iyakar ƙarfinta tun kafin ku yi wa mutane alkawari. Mu yi lissafi tare. Faɗin haronta kamar santimita 60 ne. Idan mutum yana tafiyar kilomita biyu a awa a bayanta, ya gyara murabba'in mita 1,200. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Ke nan awa takwas da ɗoriya, ban da juyawa a bakin gona, da hutu, da ƙara ruwa. A ce hekta ɗaya a yini idan komai ya tafi daidai, sau da yawa ma ba ta kaiwa. Yanzu ƙungiya mai mutum talatin, kowa yana son a yi masa cikin mako biyun farko na ruwa. A nan ne zumunci yake lalacewa. Ku tsara layi tun rani, a rubuta, a karanta a gaban kowa. Wata ƙungiya ƙuri'a take jefawa, wanda ya zo farko bana ya koma ƙarshe baɗi. Ban ga abin da ya fi wannan ba.

Kowa kuma ya biya kafin a shiga gonarsa. Na ce kowa. Shugaba ya biya, mai gari ya biya, gonar fasto ma idan ƙungiya tana son ta taimaka, a yi karo-karo a sa kuɗin a asusu. Inji bai san girma ba, gas ɗaya yake sha a gonar kowa. Daga cikin kowane kuɗin aiki a ware na mai, da na direba, da na gyara, na gyaran kuma kada a ba da shi rance ko da na biki ne ko na asibiti. Na san wannan yana da wuya a cikinmu, domin mu mutane ne masu jin kunyar juna. Shi ya sa ya kamata a rubuta shi a dokar ƙungiya, ma'aji ya sami abin fakewa. A mako na farko ku cika tanki, ku yi aikin gonar da kuka san girmanta, ku auna abin da ta sha. Da wannan za ku yanka farashi, ba da abin da dillali ya faɗa ba.

Da rani kada ta zauna. Da tirela tana kwaso taki da amfanin gona da bulo, da bel kuma injin yana juya famfon ban ruwa ko injin casa. Sau da yawa kuɗin jigila ne yake riƙe asusun gyara.

Iyayena mata, wannan sashen naku ne, domin 'ya'yanku ne za su riƙe ta. Wurin tayarwa, kada a zagaye ƙarfen murɗawa da babban yatsa, idan inji ya mayar da shi baya yakan karya hannu. Babbar riga da gyale da bakin zani kada su kusanci bel. Kada a sa giyar baya alhali haro yana juyawa, domin wuƙaƙen ƙafar mutum suke nufa. Ga kuma wanda ba kowa ya sani ba: a gangara, idan kaya suna turo ta daga baya, hannun juyawa yakan yi aiki a juye, ka matsa na hagu ta yi dama. Sabon direba da tirela cike da buhuna a gangaren rafi, nan ne ake samun hatsari. A sa ƙaramar giya tun daga sama, kada a canza a tsakiya. Yara kuma ba a ɗora su a kan kaya, komai kukansu.

Akwai waɗanda zan ce musu kada su saya sam. Idan gonakinku na tudu ne, masu duwatsu da kututture, kuma kunya kuke yi domin dawa da masara, garmar shanu ta fi muku, inda tsaro ya bari. Wannan inji ɗan fadama ne da lambu, inda ƙasa take da laushi kuma a shimfiɗe. Idan kuma duk gonakin ƙungiya ba su wuce 'yan hekta kaɗan ba, kuma babu maƙwabta da za su yi haya, gara ku ci gaba da hayar na wasu. Wani ya tambaye ni a waje ko ofis zai ba da rance domin wannan. Amsar tana wurin kwamiti, amma ni abin da zan nema kafin in sa hannu a takardar kowace ƙungiya shi ne sunan bakanikenku, da sunayen shaguna ukun da kuka shiga, da shafin littafin ma'aji inda aka ware kuɗin gyara.

Game da iyayen nan na farko, a ƙarshe mun cire injin muka sayar wa mai ban ruwa, sauran ƙarfen aka auna a kilo. Abin da ya dawo bai kai rabin kuɗinsu ba. Biyu daga cikinsu suna zaune a nan yau, kuma sun ba ni izini in ba da labarin.

Baba shugaba, na ga ana ɗaga mini hannu daga baya cewa abinci ya sauka. Mun aro tarakta ɗaya tana bayan ɗakin taro, an hana kowa taɓa ta tun jiya da yamma. Bayan an ci abinci za mu kasu gida huɗu, kowane rukuni ya duba ta ya rubuta abin da ya gani kafin bakanike ya faɗi nasa. Akwai laifi uku a jikinta da na sani. Masu farin kaya su nemi abin ɗaurawa.